Cape Fear na 1991: na sake kallonsa yanzu da nake da 'ya budurwa

Jama'a daren Juma'ar da ta wuce na zauna na sake kallon Cape Fear, wancan na 1991 da Martin Scorsese ya ba da umarni, kuma har yanzu abin bai sake ni ba. Na taɓa ganinsa tun ina saurayi zamanin kaset, a ɗakin wani abokina mu kusan takwas kan tabarma ɗaya, a lokacin ba abin da ya ɗauke mana hankali sai bos ɗin, ƙirar jikinsa da zanen da ke bayansa da yadda yake cin duka ya miƙe kamar ba shi aka daka ba, muna ta ihu. Wannan karon ni kaɗai ne a falo, yara sun yi barci, babbar 'yata shekararta 15 daidai da yarinyar cikin fim ɗin, wallahi wani fim daban na gani. Da ya ƙare sai da na tashi na haska tocila na duba kwaɗon ƙofar gida, na dawo na tsaya bakin ɗakin 'yan matan ina jin numfashinsu.

Tun yanzu ina gaya muku zan tona labarin har ƙarshe, wanda bai gani ba kuma ba ya son a ɓata masa to ya je ya kalla ya dawo.

Labarin wani lauya ne Sam Bowden, Nick Nolte ne ya fito a matsayinsa, yana zaune da matarsa Leigh da 'yarsu tilo Danielle a wani ƙaramin gari na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, irin unguwar nan ta masu hali, gida babba, ciyawa shar, bishiyoyi, shiru kamar ba mutane. Shekara 14 baya yana Atlanta yana aikin lauyan gwamnati mai kare waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar lauya, aka haɗa shi da wani Max Cady da ake tuhuma da yi wa yarinya 'yar shekara 16 fyaɗe da mugun duka. Rahoton bincike ya zo hannun Sam da ke cewa yarinyar tana bin maza, abin da in an kai gaban kotu zai iya rage wa Cady hukunci ko ma ya kuɓutar da shi, shi kuwa Sam da ya ga irin ta'asar da aka yi wa yarinyar sai ya danne takardar ya yi shiru. Cady a lokacin jahili ne ko sunansa ba ya iya karantawa. To a gidan yari ya koyi karatu, ya haɗiye littattafan shari'a da na falsafa da Baibul, ya bi fayil ɗinsa da kansa har ya gano abin da lauyansa ya yi masa. Ranar da aka buɗe masa ƙofa ko littattafansa bai ɗauka ba, ya riga ya karance su, ya nufo garin su Sam kai tsaye.

Robert De Niro ne Cady, kuma wannan shi ne fim na 7 da suka yi tare da Scorsese. Abin da ya fi kashe min jiki a rabin farko na fim ɗin shi ne mutumin nan ba ya yin laifin da za a kama shi da shi. Ka duba shigowarsa ta farko, iyalin suna sinima suna kallo sai ga wani ƙato ya zo ya zauna gabansu da ƙatuwar sigari, yana busa hayaƙi yana ƙyaƙyata dariya har da buga kujera, dole suka tashi suka canza wuri. Sun fito sun je shan askirim, Sam ya zo biya aka ce ai an biya muku, ya waiga sai ga mutumin can tsallaken titi cikin jar mota mai buɗaɗɗen sama yana kallonsu. Shi ke nan fa. Wane ɗan sanda za ka kai wa ƙarar wanda ya biya maka kuɗin askirim? Da dare matar ta leƙa taga ta gan shi zaune kan katangar gidansu, wasan wuta na tashi a sama bayansa, kafin mijin ya fito ya ɓace. Karensu ya mutu da guba, kowa ya san wanda ya yi amma ba shaida, kuma babban tashin hankalin shi ne matar ta ce ita ba ta fitar da karen waje ba. Ke nan mutumin yana shiga cikin gidan. A nan na ji tsikar jikina ta tashi, ba a wurin jini ba.

Akwai wurin da Sam ya gaji ya ce bari ya saye shi da kuɗi, ya yi masa tayin dala dubu 10. Cady na zaune cikin mota hankali kwance ya fara yi masa lissafi, ya ce mu ɗauka ma dubu 50 ne, shekara 14 kwana kusan dubu 5 ke nan, in ka raba dala 10 ce a rana, ko mafi ƙarancin albashi ba ta kai ba. Ya kawo masa maganar 'yarsa da aka gaya wa ubanta ya mutu, ya kawo abin da 'yan uwansa fursunoni suka yi masa a ciki. Murya ƙasa-ƙasa da irin jan harshen mutanen kudancin Amurka, yana kiransa lauya, lauya, kamar mai girmamawa. Ni dai a wurin nan na kama kaina ina gyaɗa kai, sai kuma na tuna me ya kai shi gidan yarin, na ji kunyar kaina. Kuma da gangan fim ɗin yake maka haka.

Don gaskiyar magana tambayar da ta hana ni barci ke nan, Sam ya yi daidai ko bai yi ba? In ka tambaye ni a matsayin uba, da ni ne takardar nan ta zo hannuna ƙona ta zan yi, don bin maza ko rashin binsu bai ba wa wani ƙato lasisin ya farfasa wa yarinya jiki ba, kuma shekara 14 ma an yi masa sauƙi. Amma fa amana amana ce. Mutum ya zauna gabanka bai iya karatu ba, ba shi da kowa sai kai, doka ta ce kai ne bakinsa, ka mayar da kanka alƙali a ɓoye. In ba za ka iya kare shi ba ka ajiye aikin mana a ba wani. Fim ɗin bai wanke Sam ba kuma bai wanke Cady ba, ya bar ka da kayan a kanka. Na asalin na 1962 da J. Lee Thompson ya yi ba haka yake ba, a can Sam shaida kawai ya bayar a kotu, mutumin kirki ne da iyalinsa tas, mugu ya zo daga waje. Dukkansu daga littafin John D. MacDonald na 1957 aka ɗauko su, amma Scorsese da marubucinsa Wesley Strick sai suka tsattsaga gidan tun kafin mugun ya iso, kuma a ganina wannan canjin shi ne ran fim ɗin gaba ɗaya.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to gidan Bowden a tsage yake. Sam ya taɓa cin amanar matarsa, dalilin barinsu Atlanta ke nan don a sake sabon lale, amma ga shi a sabon garin ma yana 'yar ƙawance da wata ma'aikaciyar kotu Lori, suna buga wasa tare suna wasa da dariya, yana ce wa kansa ai ba abin da ya faru. Matar, Jessica Lange, tana cike da haushi ta ƙi fashewa. In suka fara faɗa a ɗaki yarinyar sai ta shige nata ɗakin ta rufe ƙofa ta ƙure talabijin ta ɗauki waya. Duk wanda ya tashi a gidan da iyaye ke rigima ya san wannan zaman. Cady bai yi komai ba sai da ya zauna ya karanci gidan tsaf kamar yadda ya karanci littattafan shari'a, sannan ya bi kowace tsaga ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da Lori. Ya same ta a mashaya ranar da Sam ya yi mata alkawari bai zo ba, ya yi ta ba ta dariya, ya kai ta ɗaki, abin da ya yi mata ba zan bayyana ba, ni kaina sai da na kau da kai, kuma ina ba da shawara mai raunin zuciya ya tsallake wurin. Amma abin da ya biyo baya a asibiti kar ku tsallake. Tana kwance fuska a naɗe ta ce ba za ta shigar da ƙara ba, don a kotu take aiki, ta sha ganin yadda lauyoyi ke tsayar da mace su tone mata asiri, me kika sha, me kika sa, me ya kai ki ɗakinsa, har ta koma ita ce mai laifin. Ka ga irin wulaƙancin da Sam ya kare waccan yarinyar daga gare shi shekara 14 baya, shi ne yanzu ya rufe bakin Lori ya bar Cady yana yawo. Kuma Cady ya san haka zai faru shi ya sa ya zaɓe ta. Illeana Douglas ce ta fito a Lori, fitowarta ba ta da yawa amma ta yi aiki. Wannan tsoron na magana kuwa ba sai an je Amurka ba, mu ma mun san gidajen da aka rufe irin wannan maganar don gudun abin kunya.

Sai babban wurin, wanda saboda shi nake wannan dogon rubutun. Cady ya bugo wa Danielle waya da dare a ɗakinta, ya ce shi ne sabon malaminsu na wasan kwaikwayo, ya yi mata magana mai daɗi, ya nuna ya san damuwarta, ya ce gobe a ɗakin wasan makaranta za a yi darasi. Washegari ta sauka ita kaɗai, wurin duhu ba kowa, yana zaune kan dandamali cikin wani ɗan gidan katako na wasan yara yana shan wiwi. Wajen minti 10 ana wannan zance, ba kiɗa mai firgitarwa, ba wuƙa, ba gudu. Magana kawai. Ya miƙa mata wiwin, ya ce iyayenki ba sa fahimtarki, suna hukunta ki kan abin da su ma suke yi, ba sa son ki girma. Kuma abin takaicin rabin maganarsa gaskiya ce. A tsakiyar hirar yarinyar ta gane ko shi wane ne, ta tambaye shi kai ne ka kashe mana kare, ya rantse mata ba shi ba ne, kuma ba ta gudu ba! Tana tsaye tana murmushin kunya, tana sunkuyar da kai tana wasa da hannu, tsoro da jin daɗi sun cakuɗe a fuskarta don karon farko wani babba ya saurare ta. Har ya nemi izinin ya dafa ta, ta ƙyale shi. Juliette Lewis shekararta 18 lokacin da fim ɗin ya fito, kuma wallahi ban taɓa ganin an nuna yadda ake yaudarar yarinya daki-daki kamar wannan ba. Da ita da De Niro duk an sa sunansu a takarar Oscar, shi Anthony Hopkins ya kayar da shi, ita ma ba ta samu ba, amma a wurina wannan minti goman ya fi ƙarfin kofi.

A nan na tsayar da fim ɗin na yi shiru. Mu nan muna gina katanga mai tsawo mu sa mata waya da fasassun kwalabe, mu ɗauki maigadi, amma mutumin nan ta waya ya shigo, a 1991 ma ke nan da wayar ke jingine da bango, ina ga yanzu da take ƙarƙashin filo. Kuma abin da Sam ya yi da ya samu labari shi ne ainihin abin da yawancinmu za mu yi, ya faɗa ɗakin yarinyar yana tambaya ya taɓa ki, ya taɓa ki, ita kuwa ta yi ɗan murmushi, ya damƙe mata baki da hannu ya danna ta jikin gado. Daga wannan daren ya ƙara tura ta can. Ban zarge shi ba don na san zafin, amma na ga kaina a jikinsa kuma ban so abin da na gani ba. Da safe da 'yata ta kawo min shayi sai na ce zauna, ba faɗa zan yi ba, ba ni labarin makaranta. Ta yi ta kallona da mamaki kafin ta fara.

Tun farko ma komai Sam ya taɓa sai ya juye masa. 'Yan sanda suka kama Cady suka tuɓe shi, ba su samu komai ba sai ayoyin Baibul a rubuce a fatarsa da ƙaton gicciye a baya ɗauke da ma'auni, gefe gaskiya gefe adalci. A wurin bikin ranar 'yancin Amurka Sam ya harzuƙa ya ture shi gaban jama'a, shi ya zama mai laifi. Ya ɗauki wani mai bincike mai zaman kansa Kersek, wanda ya ba shi shawarar a yi hayar ƙarti uku su lallasa shi. Kafin nan Sam ya je ya yi masa barazana a gidan abinci bai san da rikoda a ɓoye ba. Ƙartin suka zo da sarƙa da ƙarfe, Cady ya sha dukan ya miƙe ya tarwatsa su, Sam na laɓe bayan kwandon shara yana rawar jiki, mutumin na kiransa yana takowa a hankali. Ƙarshenta Cady ne ya shiga kotu da bandeji, aka kunna kaset, alƙali ya ba da umarnin hana Sam kusantarsa, har lasisin lauyancinsa ya shiga haɗari. Wani abin daɗi ga masu son tsofaffin fina-finai, lauyan da ya tsaya wa Cady Gregory Peck ne, wanda shi ne Sam a na 1962, ɗan sandan kuma Robert Mitchum ne wanda shi ne Cady na farko, Martin Balsam ma da ke cikin na farkon shi ne alƙali a nan. Akwai ma inda Cady ya ce wa Sam ya je ya karanta littafin da ke tsakanin Esta da Zabura, wato na Ayuba, yana nufin zai raba shi da komai nasa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya ɗauki kansa bulalar Allah ne, kuma irin wannan ya fi ɗan fashi haɗari don ba ya jin yana laifi.

Daren tarkon ma ya yi. Kersek ya ɗaure duk ƙofofi da tagogi da zaren kamun kifi ya haɗa su jikin 'yar tsana, ya zauna cikin duhu da bindiga yana jiran ta motsa. Tun can baya an nuna Sam ya danna fiyano wani maɓalli bai yi ƙara ba, ka manta da shi, sai a kicin ka gane ina wayar ƙarfen cikin fiyanon ta tafi, lokacin da 'yar aikin gidan ta juyo ashe ba ita ba ce, Cady ne cikin kayanta, ya shaƙe Kersek da wayar. Sam ya zo da gudu santsin jini ya kwashe shi.

To a nan kuma yabona ya tsaya, don minti 20 na ƙarshe ni ba su gamsar da ni ba. Iyalin suka gudu zuwa jirginsu na ruwa mai ɗaki a kogin Cape Fear, wai Cady ya ɗaure kansa a ƙarƙashin motarsu duk tsawon tafiyar nan ya sauko lafiya lau. Haba. Daga nan ya daina zama mutum ya koma aljani, an watsa masa ruwan zafi ko gezau, ya riƙe wuta a hannu tana narkewa, yarinyar ta fesa masa man laita ya kama da wuta ya faɗa kogi ya sake hawowa. Ga hadari ga ambaliya ga jirgi na juyawa, hayaniya ta yi yawa. Mutumin da ya firgita ni da biyan kuɗin askirim bai buƙatar duk wannan. Abu biyu ne suka cece wurin, shari'ar da ya kafa wa Sam a cikin jirgin har ya tilasta masa amsa laifinsa da bakinsa gaban matarsa da 'yarsa, da kuma roƙon da Jessica Lange ta yi tana kuka cewa duk abin da zai yi ya yi mata ita ya bar yarinyar. Duk uwa za ta gane wannan. Sam ya samu ya ɗaure ƙafarsa da ankwa jikin ƙarfen jirgi, ya nutse yana sambatu da waƙar coci idonsa ƙyam a kan Sam har ruwa ya rufe shi.

Wani abin da ya ɓata min rai, 'yar aikin nan Graciela da aka kashe, da kuma ita kanta Lori, fim ɗin ya wuce su kamar ba a yi ba, duk kukan na masu gida ne. Kyamarar ma wani lokacin tana wasa da yawa, hoto ya juye fari ya koma ja, ba ko'ina ya dace ba. Kiɗan kuwa na Bernard Herrmann ne na fim ɗin farko Elmer Bernstein ya sake tsara shi, ƙahonin nan guda huɗu in suka sauko sai ka ji a ƙirjinka, da iyafis na kalla kuma haka nake ba da shawara.

Tsawonsa awa 2 da minti 8. Maki na 8 cikin 10, biyun jirgin ruwa ne ya cinye su. Dan Allah kar a kalla da yara, akwai tashin hankali da abubuwan da ba su dace da su ba, ko da matarka ma ka fara gaya mata akwai wurin da za ku tura gaba. Amma iyaye masu 'yan mata, musamman mu maza, ku nemi wurin makarantar nan ku kalla sau biyu, na farko ku kalli bakinsa, na biyu ku kalli fuskarta. Na 1962 ɗin kuma na ba yaron da ke tura min fina-finai sallahu ya nemo min mai kyan hoto, ina so in sake ganin Mitchum da hularsa.